Wasiƙa daga Bakin Tekun Arewacin Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali, da su Inna. Ya kasuwa, ya ruwa a Yauri?

Ka sha tambayata yadda masuntan ƙasar nan suke, ni kuwa shekara uku ina Leeds ban taɓa ganin teku ba sai a makon jiya, da na samu hutun kwana biyu. Na hau bas zuwa wani garin masunta mai suna Whitby, tafiyar sama da awa uku, amma fam 3 kacal na biya, domin gwamnati ta ƙayyade kuɗin bas. A nan fam 3 ko abincin rana ba zai saya maka ba.

Bari in fara da kifi tunda shi ne sana'arka. Abincin da garin ya yi suna a kai soyayyen kifi ne da dankali. Na biya kusan fam 15 a faranti ɗaya. Kifin babba ne, fari tas, ba ƙaya, amma wallahi bai kama ƙafar ragon ruwan da Inna ke soyawa ba. Babu yaji, babu daddawa, gishiri kawai da ruwan tsami. Kuma sai da na yi tambaya kafin in ci, saboda a yankin nan da yawa da kitsen saniya suke suya, wasu kuma suna zuba giya a cikin ƙullun da ake tsoma kifin. Shago na uku ne na samu mai suya da man girki. Abin da ya ba ni mamaki, yawancin kifin nan ba masuntan garin ke kamo shi ba. Daga Norwe da Aisland ake kawo shi, wato inda panlar kasuwanninmu ke fitowa. Su masuntan yanzu ƙaguwa da manyan jatan lande suka fi kamawa, da wani tarko mai kama da gurarmu, kuma akasari Faransa da Sifen ake kai su.

Suna banda su ma. Akwai wani ɗan ɗakin banda a ƙasan tudun da ake hawa da matakala 199, tun 1872 zuri'a ɗaya ke riƙe da shi. Shawa suke tsagawa, su jiƙa da ruwan gishiri, su rataye a kan hayaƙin itace. Bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin kamar namu. Sai dai bandarsu ba ta bushewa ƙayau; in ba firji, kwana kaɗan ta lalace. Taka kuwa a kwali take zuwa har Onitsha lafiya lau. A wannan kam ku ne gaba.

Na leƙa Staithes, ƙauye ne a matse tsakanin duwatsu, lungunansa kamar na cikin birni. Ya yi kyau, amma ya ba ni tausayi. Gidajen masunta da yawa sun koma na haya ga 'yan yawon buɗe ido, jiragen kamun kifin da suka rage ba su da yawa.

Washegari na gangara kudu zuwa Bempton da Flamborough. Nan ƙasa take yankewa tsaye, farin dutsen alli mai tsayin kusan mita 100, teku na dukansa a ƙasa, tsuntsaye dubbai sun yi sheƙa a jikinsa. Iskar wurin ta fi hunturun Disamba cizo. A ƙarshen tsaunin akwai hasumiyar fitila da aka gina a 1806. Fitilar tana walƙawa sau huɗu a kowane daƙiƙa 15, kuma kowace hasumiya da nata salon walƙiyar, don matuƙi ya gane inda yake cikin dare. Ba mai kwana a ciki yanzu, da kanta take aiki. Kuɗin kula da ita daga harajin da manyan jiragen ruwa ke biya yake fitowa.

Abin da ya fi tsaya min a rai, Yaya, shi ne jiragen ceto. A Whitby, a Staithes, a Flamborough, kowanne da tasharsa. Ƙungiyar da ke riƙe da su, RNLI, tun 1824 take, kuma da sadakar jama'a take tafiya. Masu fita ceton mutanen gari ne, yawancinsu ba a biyansu ko sisi. Da an kira sai su ajiye aikinsu su ruga. Ina tsaye a ƙofar tashar, ina kallon rigunan ruwa masu hana nutsewa a jere, sai na tuna jirgin da ya kife a hanyar kasuwar Wara a watan Mayun 2021, da yadda aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Na kasa riƙe hawaye.

Na saka abin da ya sawwaƙa a akwatin sadakarsu. Kuma na yanke shawara: kuɗin da zan turo ƙarshen wata, don Allah ka sayi rigunan ruwa a ajiye a jirginka, a fara da na yara. Ka binciko min farashinsu a Birnin Kebbi ko Kontagora.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.