Kayan gwajin ruwa na API: abin da suka nuna mini kafin in saki kifin betta

Mai shagon da na sayi akwatin gilashin a wurinsa ya tabbatar mini cewa idan na zuba ruwa da safe zan iya sakin kifi a ciki da yamma, tunda a cewarsa betta kifi ne mai taurin rai wanda ko a kwalba yana zama. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin wannan kifi, wanda asalinsa daga fadamu da gonakin shinkafa na ƙasar Tailan yake, yana da wata gaɓa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Sai dai shaƙar iska ba ta kare shi daga gubar da ke taruwa a ruwan da yake kwana a ciki. Wannan ne ya sa na bar akwatin mai cin lita 20 babu kifi, na sayi kayan gwajin ruwa na kamfanin API, masu suna Freshwater Master Test Kit, na zauna jira.

Kayan sun ƙunshi ƙananan kwalabe bakwai na sinadarai, da bututun gwaji huɗu masu layi a daidai mililita 5, da katin launuka wanda ake gwada sakamako da shi. Suna auna tsamin ruwa, da amoniya, da naitirait, da naitiret, kuma ukun ƙarshen nan su ne labarin sabon akwati baki ɗaya. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin soson matatar ruwa suna juya ta zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne. Wasu kuma na daban suna juya wannan zuwa naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, ana kuma rage shi ta hanyar canza wani ɓangare na ruwan. Sabon akwati ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma kafuwarsu takan ɗauki makonni huɗu zuwa shida.

Da ɗan abincin kifi na fara, ina barbaɗa shi kullum domin ya ruɓe ya samar da amoniya. A mako na farko na ɗiga ɗigo takwas daga kowace kwalba cikin kwalabe biyu na amoniya, na girgiza, na jira minti biyar, sai ruwan bututun ya tashi daga rawaya ya koma kore shar, kusan 2 ppm (wato kashi biyu cikin miliyan) a kan katin. A daidai lokacin ruwan akwatin garau yake kamar a ɗiba a sha. A nan ne na gane amfanin kuɗina, domin ido ba shi da hanyar ganin abin da bututun ya nuna. Cikin mako na uku gwajin naitirait, wanda shi ne mafi sauƙi da ɗigo biyar kacal, ya juya daga shuɗi mai haske zuwa shunayya mai duhu, ya kuma tsaya a haka kwanaki da yawa har na fara zargin ko wani abu ya lalace. Babu abin da ya lalace. Rukunin ƙwayoyin na biyu ne ke da jinkirin kafuwa.

Gwajin naitiret shi ne ya fi neman natsuwa, kuma kuskuren da na yi a kansa nawa ne. Takardar bayani ta ce a girgiza kwalba ta biyu da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, sannan a girgiza bututun na minti ɗaya, saboda sinadarin da ke ciki yakan kwanta a ƙasa. Na ɗauki wannan a matsayin tsanani, na girgiza sama-sama, na yi ta samun sifili har sau uku. Ranar da na bi ƙa'idar yadda aka rubuta, nan take ruwan ya koma ruwan lemo. Bambanta launuka masu kusa da juna, kamar 10 da 20, yana da wuya a ƙarƙashin fitilar ɗaki, don haka na koma yin gwajin da rana a bakin taga, ina jingina bututun a kan farin ɓangaren katin.

Da kayan ne kuma na gwada ruwan gidana tun kafin ya shiga akwati, abin da nake ba kowa shawarar ya yi, ko na famfo ne ko na rijiyar burtsatse. Ya kamata mai saye ya sani cewa ba sa auna kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, saboda haka maganin cire shi saye ne na daban, haka ma na'urar ɗumama ruwa, wadda ba ta da makawa a lokacin hunturu tunda betta yana son zafi tsakanin digiri 24 zuwa 28 na ma'aunin Celsius. Bayan wata doguwar ɗaukewar wuta da ta tsayar da matatar, gwajin ne ya kwantar mini da hankali cewa ƙwayoyin suna nan da ransu.

Kayan ba su da araha, kasancewar daga waje ake shigo da su, amma kamfanin ya rubuta cewa suna yin gwaji sama da 800, kuma bayan watanni kwalaben nawa ba su yi ko rabi ba. A ƙarshen mako na biyar amoniya da naitirait duka suka tsaya a sifili kwana uku a jere duk da ban daina zuba abincin ba. Na canza rabin ruwan, washegari na saki betta ja guda ɗaya, kuma tun daga lokacin sau ɗaya nake gwaji a mako, ranar Asabar, kafin in canza rubu'in ruwan.