Shagon gem na wajen Karantina: wuri ya yi, lissafin makin ne da gyara

Masu tambayata ta inbos kan shagon gem ɗin nan na Jidda da ke shirya tseren wanda zai fi saurin gama gem duk wata, to ga abin da na gani. Wuri dai ya yi wlh, mukayyif na aiki, kujeru lafiya lau, kuma mai shagon ya nemo tsohuwar na'urar gem Nintendo 64 ta gaske haɗe da talabijin mai ƙeya irin ta da, ba wai a kwamfuta ake kwaikwayo ba. Duk gudu sai an ɗauki bidiyo, agogon LiveSplit na gefe yana ƙirga, babu zancen "ai jiya na yi a gida". Nan na ba su hannu.

Allon makin ne ya ɓata min rai. Bawan Allah ya kwaso tsarin makin tseren motoci na Formula 1 sukutum, na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, har na goma ya samu 1. Na gane dalili, a 2021 aka fara tseren motocin a Kornish, bakin tekun Jidda, shabab duk sun haddace. Amma a can direbobin nan ne dai ke karawa kowane tsere, a nan kuwa fa? Gem ɗin da ake tseren a kai, Super Mario 64, rukuni-rukuni ne bisa yawan taurarin da za ka tara kafin ka gama, akwai taurari 16, akwai 70, akwai 120. Na 16 cika yake maƙil saboda gajere ne, na 120 kuwa ko gwanayen duniya sai sun haura awa ɗaya da rabi, shi ya sa mutum uku ne ke shiga, to kenan wanda ya zo na ƙarshe a can ya kwashi 15 yana hamma, yaron da ya kashe kansa da atisaye a na 16 ya zo na sha ɗaya ya tashi da sifili. Haba ya akhi.

Sannan tazara ba ta shiga lissafi ko kaɗan. In ka zo na biyu, an riga ka da daƙiƙa ɗaya 18, an riga ka da minti biyar ma 18.

Wani ɗan uwa ya ce a raba lokacin zakara da naka a ninka da 100. Ya yi kusa, amma gwada shi a Super Mario Bros na farko, inda tun 2021 gwanayen duniya suka sauko ƙasa da minti 4 da daƙiƙa 55 kuma manyan ba ko daƙiƙa ɗaya tsakaninsu, zakara 100, sauran kowa 99 da ɗoriya zai samu, ka ga ba a raba gardama ba. Ni a ganina a gauraya, rabi daga lokaci, rabi daga matsayi, kuma makin matsayin ya danganta da yawan mutanen da ka doke. Shafin speedrun.com ma jera lokaci kawai yake yi, kowane rukuni da allonsa, da zarar ka ce za ka haɗa su a allo ɗaya kai ne za ka yanke wane rukuni ya fi wani nauyi, gara ka faɗa wa mutane tun farko.

Na gaya wa mai shagon, ya ce in sha Allah zai duba kafin zagaye na gaba, bai ji haushi ba gsky. In wasa kawai za ku je ku je, sai dai daren Alhamis cunkoso ne, kuma hannun gem ɗaya sandarsa ta saki, ku duba kafin ku zauna.