Wace kwalba za ka saya kafin ka haɗa spritz na lemun tsami

Shekara bakwai ke nan ina aiki a bayan kanta a wani gidan abinci da ke bakin teku kusa da Salerno, a kudancin Italiya, kuma daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba babu abin sha da ake nema a hannuna da yamma kamar spritz. 'Yan'uwanmu da suka samu aiki a otal-otal da gidajen abinci na ƙasar nan, musamman waɗanda maigida ya fara aike sayen kaya, sukan tambaye ni wace kwalba ya kamata su ɗauko, domin idan mutum ya shiga shago zai tarar da kwalabe masu ruwan ɗorawa jere reras, kowace tana da hoton lemo a jikinta, kowace tana cewa ita ce ta asali.

Ya wajaba in fara da faɗin cewa duk abin da zan lissafa a nan barasa ne. Limoncello, wato barasa mai zaƙi da ake yi da ɓawon lemun tsami, ya fi komai rikita baƙo, saboda a ido kamar ruwan lemun tsami yake, kuma a gidajen abinci na kudu akan kawo shi kyauta a ɗan ƙaramin kofi bayan an gama cin abinci, alhali ƙarfinsa ya ninka na giyar inabi fiye da sau biyu. Wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi sha, ya nemi Crodino ko Sanbittèr, waɗanda Italiyawa ke sha a wannan lokaci na yamma tun shekarun 1960, suna da ɗan ɗaci da ƙanshin lemo, kuma ba giya ba ne.

Spritz kansa ɗan arewa maso gabashin Italiya ne. A ƙarni na 19, lokacin da yankin Veneto ke ƙarƙashin mulkin Ostiriya, sojojinta sun saba sa a tsarga musu ruwa a cikin giyar inabin yankin, kuma daga kalmar Jamusanci mai nufin fesawa sunan ya fito. Yau abu uku ake haɗawa a kan ƙanƙara: giyar inabi mai kumfa da ake kira Prosecco, ruwan soda, da wata barasa mai zaƙi da ƙanshi wadda ita ce ke ba kofin launinsa da ɗanɗanonsa. A kan wannan ta ukun ne mai saye ke yin zaɓi.

Aperol shi ne wanda kowa ya sani. 'Yan'uwa biyu na gidan Barbieri suka fito da shi a Padova a 1919, ƙarfinsa kashi 11 cikin 100 ne, kuma babu laifi a tare da shi sai dai launinsa ya fi ɗanɗanonsa ƙarfi, lemon da ke cikinsa kuma sukari ya danne shi. Campari ɗacinsa ya yi yawa ga mai neman abin da zai sanyaya masa maƙogwaro a cikin zafin Agusta. Select na birnin Venis, wanda aka fara yi a 1920, a can ya fi daɗi da ƙwayar zaitun a ciki, a kudu ba mu cika ajiye shi ba. Italicus, wanda ya shigo kasuwa a 2016 da ƙanshin lemon bergamot na Calabria, yana da kyau, amma rabin kuɗinsa na kwalba ne. Cointreau na Faransa ne, kashi 40 cikin 100, kuma ba don wannan aiki aka yi shi ba. Crema di limoncello kuwa madara ce a cikinta, da zarar tsamin Prosecco ya taɓa ta sai ta tsinke.

Limoncello na gaskiya shi ne zaɓina, kuma dalilina yana cikin yadda ake yin sa. Ba a matse ruwan lemon ko kaɗan. Ɓawon waje kawai ake fere wa, siriri, ana kauce wa farin da ke ƙarƙashinsa domin a nan ɗaci yake. Sai a jiƙa ɓawon a cikin tsantsar barasa mai ƙarfin kashi 95 ko 96 na wasu kwanaki, har ta tsotse man da ke cikinsa, ɓawon ya koɗe ya yi fari. Daga nan a tace, a haɗa da ruwan sukari, ƙarfin ya sauko zuwa tsakanin kashi 25 da 32. A daidai lokacin da ruwan sukarin ya shiga, abin da yake garau sai ya yi hazo, saboda man ɓawo yana narkewa a barasa amma ba ya narkewa a ruwa. Wannan man shi ne dukan sirrin. Idan kumfar Prosecco ta taso ta cikinsa, ita ke ɗauko ƙanshin ta kai shi hanci kafin kofin ya isa baki, kuma babu wata kwalba a cikin waɗanda na ambata da ke yin haka.

Tun da ɓawo ne komai, irin lemon da wurin da aka noma shi su ne abin dubawa na farko. Iri biyu ne suka yi suna. Akwai na Sorrento, mai siffar ƙwai, da kuma sfusato na gaɓar Amalfi, dogo mai tsini a ƙarshe, wanda ɓawonsa ke da kauri da yawan mai. Dukansu suna da rajistar kariya ta Tarayyar Turai mai alamar IGP, na Sorrento tun 2000, na Amalfi tun 2001. Na sha zuwa gonakin Amalfi a ranakun hutuna. A jikin dutse suke, hawa-hawa, an kafa wa itatuwan rumfuna na sanduna, kuma a da ana lulluɓe su da wata tabarmar kara mai kama da zanar da muke kewaye gida da ita, domin kare su daga sanyi da iska. Mota ba ta shiga yawancin wuraren, a gadon baya mutane ke sauko da kwandunan lemo ta ɗaruruwan matakala. Wanda ya ga wannan wahala da idonsa ba zai ƙara yarda da kwalbar da aka ce ta Amalfi ce kuma ana sayar da ita a kuɗin ruwan kwalba ba.

A cikin waɗanda ake samu a manyan shaguna, Villa Massa nake saye idan an bar mini zaɓi. A yankin Sorrento ake yin sa da lemon wurin, ƙarfinsa kashi 30, kuma zaƙinsa bai kai ya rufe ƙanshin ba, wanda shi ne abin da ake bukata idan za a tsarga masa giyar inabi da soda da ƙanƙara. Ƙarfin nan yana da amfani, domin limoncello mai rauni yakan ɓace a cikin kofi, a bar mai sha da ruwan sukari mai kumfa. Pallini na birnin Rum, mai kashi 26, da lemon Amalfi ake yin sa, ya fi taushi, kuma shi nake ɗauka idan ban samu na farkon ba. Luxardo yana da tsabta amma ƙanshinsa bai daɗewa. Fiye da dukansu akwai ƙananan masana'antu na iyali a Minori da Amalfi da Sorrento, masu rajista, waɗanda za su bar ka ka ɗanɗana kafin ka biya.

Abin da ya sa nake tsananta wa a kan wannan batu ya faru ne a shekarata ta biyu a wurin aiki. Kayanmu sun ƙare ana tsakiyar kakar baƙi, maigida ya ba ni kuɗi ya ce in nemo katan biyu. Na shiga wani shagon tsaraba, mai shagon ya nuna mini kwalabe masu siffar taswirar Italiya, launinsu yana ɗaukar ido, ya rantse mini cewa na gida ne, ya kuma rage mini kusan rabin farashi. A daren nan kofuna huɗu aka dawo mini da su. Launin ya koma kore-kore a ƙarƙashin fitila, ƙanshin kuwa na sabulun wanke kwanuka ne, kuma yana barin wani maƙaƙi a harshe. Maigida ya juya kwalbar ya nuna mini ƙananan rubutun da ke bayanta, inda aka sa aromi da E102. An cire kuɗin daga albashina, mai shagon kuma ya ƙi karɓar ko da kwalba ɗaya. Araha ba ta ado, kuma tun ranar ban ƙara sayen kwalba ba sai na karanta bayanta.

Ga abin da nake dubawa yanzu. E102 rini ne mai suna tartrazine, E104 ma rini ne, kuma lemon da ya isa lemo ba ya bukatar a ƙara masa launi. Kalmar aromi ita kaɗai yawanci tana nufin ƙanshin haɗi na masana'anta. Wanda ya yi aikinsa da ɓawo yakan rubuta infuso di scorze di limone, wato jiƙon ɓawon lemun tsami, da alfahari, sau da yawa har da adadin lemon da ya shiga kowace lita. Doka ba ta tilasta wa masu irin wannan barasa su jera duk abin da suka zuba ba, saboda haka kwalbar da ta cika gabanta da hotunan teku da jiragen ruwa amma bayanta ya yi shiru, ni a wurina shirun nan amsa ce. Haka kuma akwai bambanci tsakanin a rubuta sunan Sorrento a matsayin ado da a rubuta Liquore di limone di Sorrento ko Liquore di limone della Costa d'Amalfi, domin waɗannan biyun sunaye ne masu kariyar doka. Kalmar limoncello kanta kowa na iya sa ta.

Ido ma yana taimakawa, amma kada a dogara da shi shi kaɗai. Na gaskiya launinsa ba ya ƙyalli, yana da hazo, kuma wani lokaci za ka ga ɗan zoben mai a wuyan kwalbar, wanda sabon shiga kan ɗauka lalacewa ce alhali alama ce mai kyau. Sai dai masu algus sun koyi sa hazo na ƙarya. Gwajin da bai taɓa yaudarata ba shi ne in ɗiga kaɗan a tafin hannu, in murza, in jira barasar ta tashi. Idan na ɓawo ne, hannun zai yi ƙanshin wanda ya gama fere lemo. Idan na haɗi ne, danƙo kawai zai rage da warin alewa.

Mafi haɗari shi ne wanda ba shi da takarda ko kaɗan, wanda ake ɗurawa a tsohuwar kwalba a ce na gida ne. A Italiya kwalbar barasa da ta bi hanya tana da siririyar takardar haraji ta gwamnati manne a kan murfinta. Iyalai da yawa suna yin nasu a gida da barasar abinci da suka saya a shago, wannan daban ne, amma wanda ba ka san hannun da ya haɗa shi ba kada ka saya, kada kuma ka zuba wa baƙo. A ƙarshen 2024, a garin Hoi An na ƙasar Vietnam, wasu baƙi biyu sun rasu bayan sun sha limoncello na haɗin hannu da ke ɗauke da gubar methanol. Sukari da ƙanshin lemo suna ɓoye wannan guba sarai, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya makantar da mutum.

Prosecco ma yana da nasa tarkon, kuma a rubutun kwalba yake. Mai jin Turanci zai ɗauka Extra Dry shi ne mafi ƙarancin zaƙi, alhali yana da sukari giram 12 zuwa 17 a lita, Dry yana da 17 zuwa 32, Brut kuwa bai wuce 12 ba. Tun da limoncello ya riga ya zo da sukarinsa mai yawa, Brut za ka ɗauka, ko Extra Brut idan ka samu. Ka tabbata an rubuta spumante, wato mai cikakkiyar kumfa, domin wanda aka rubuta wa frizzante kumfarsa ba ta da ƙarfi kuma takan mutu a kan ƙanƙara cikin 'yan mintuna. Ba sai ka kashe kuɗi a kan Prosecco mai alamar DOCG, matakin daraja mafi girma, na garuruwan Conegliano da Valdobbiadene ba, wannan an fi jin daɗinsa shi kaɗai. Prosecco mai alamar DOC, matakin da ke ƙasa da shi, ya wadatar, wanda dokar 2009 ta tsare sunansa, aka kuma ce aƙalla kashi 85 na inabinsa ya zama irin Glera. Shi ma yana da takardar gwamnati mai lamba a wuyansa. A kwalbar gilashi kawai aka yarda a sayar da shi, saboda haka duk dillalin da ya kawo maka ganga ta famfo ya ce Prosecco ce, wata giya ce mai kumfa ya laƙaba wa sunan da ba nata ba.

Awon da aka saba da shi a spritz na Aperol shi ne uku, biyu, ɗaya: mililita 90 na Prosecco, 60 na Aperol, 30 na soda. Idan ka kwafi wannan awo da limoncello mai kashi 30, ƙarfin kofin zai haura kashi 15 kafin ƙanƙara ta narke, alhali na Aperol wajen kashi 9 ne, kuma mai sha ba zai ji bambancin a baki ba sai ya miƙe tsaye. Ni mililita 45 nake zubawa, da 90 na Prosecco, da 45 na soda. Nakan cika babban kofi mai ƙafa da manyan ƙanƙara masu tauri, in fara zuba limoncellon da ya kwana a firji, in karkata kofin in zuba Prosecco a hankali ta gefe, sai soda, sannan in ɗaga cokali daga ƙasa sau ɗaya tak, domin limoncello ya fi nauyi kuma yakan kwanta a gindi. Yanka ɗaya na lemo ya isa, da ganyen na'ana'a biyu da aka ɗan buga a tafin hannu kafin a sa.