Ma'auni Ɗaya Ko Fuskoki Da Yawa: Mozi Da Zhuangzi

A zamanin da masarautun ƙasar Sin suke yaƙar juna, tsakanin ƙarni na 5 da na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masana sun sha bamban kan yadda ya kamata mutum ya riƙe abin da ya yarda da shi.

Masanin falsafa Mozi da almajiransa sun dage cewa sai an samu tabbataccen ma'auni da za a auna kowane ra'ayi da shi, kuma ma'aunin nasu shi ne amfanin jama'a. Wannan tsayin daka ne ya sa suka yi adawa da yaƙin mamaya da almubazzaranci wajen jana'iza, kuma a ganina sun cancanci yabo a kan hakan.

Zhuangzi, malamin tafarkin Tao (wata falsafar ƙasar Sin) na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lura cewa kowane mai gardama daga inda yake tsaye yake hango gaskiya. Ya ba da labarin mai kiwon birai wanda ya ce zai ba su 'ya'yan itace uku da safe, huɗu da yamma, sai suka fusata. Da ya mayar da rabon huɗu da safe, uku da yamma, suka yi murna, alhali adadin bai canza ba. Mai kiwon ya saki tsarinsa cikin sauƙi, bai yi asarar komai ba.

Hanyar Zhuangzi ta fi kwantar da gardama tsakanin malamai, amma idan mayaƙa suka kewaye ƙaramin gari, almajiran Mozi ne aka sani da zuwa taya mutanensa tsaron ganuwa.