Aikin saka bidiyo a shafin ƙungiyarmu ta manoman albasa

Ƙungiyarmu da ke Tawa ta ɗauki gajerun bidiyoyi a kan yadda ake jera albasar Galmi a cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, don kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi, sai muka ba wani ƙaramin kamfani na matasa a Yamai aikin saka su a shafinmu na intanet.

Maimakon su liƙa mana bidiyon YouTube kamar yadda aka saba, sun yi amfani da Video.js, wata manhaja ta kyauta mai kunna bidiyo a shafin intanet, da aka rubuta da harshen kwamfuta na JavaScript, wadda ta fara fitowa a 2010. Zaɓin ya yi mini daidai, domin babu tallar da ke katse bayani, kuma manhajar tana ba da damar fassara kalmominta, har suka mayar da su "kunna" da "dakata".

Inda suka fi burge ni shi ne tsarin HLS, wanda kamfanin Apple ya fito da shi a 2009. Ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye ta a matakan inganci daban-daban, manhajar kuma ta riƙa zaɓar wadda ta dace da ƙarfin rezo. Na gwada shi a bakin fadama da tsohuwar salulata: hoton ya ɗan dusashe, har ba a gane fuskar mai bayani sosai, amma muryarsa ba ta yanke ba, kuma murya ita ce abin da manomi ya fi bukata.

Sai dai farkon aikin bai zo da daɗi ba. Da zarar mutum ya buɗe shafin, bidiyo yakan fara sauka ko bai taɓa komai ba, mambobi kuwa suka yi ta ƙorafin cewa megarsu tana ƙarewa ba gaira ba dalili. Ashe matasan a ofishinsu kaɗai suka yi gwaji, inda intanet ke gudu kamar ruwa. Gyaran bai wuce sauya kalma ɗaya a cikin rubutun shafin ba, amma sai da na kira su sau uku. Sun kuma yi alkawarin bidiyo zai kunna kansa da sauti, alhali tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ya taƙaita hakan, abin da bai kamata ya ɓace wa mai wannan sana'a ba.

Zan sake ba su aiki, bisa sharaɗin su zo Tawa su yi gwajin a gona. Fassarar Faransanci da za ta riƙa fitowa a ƙasan hoto kuwa, har yanzu muna jiran ta.