Akwatinka na Farko: Wane Katako Za Ka Saya a Legas?

Akwatin da na fara yi da hannuna yana nan ƙarƙashin gado a ɗakina na Agege, murfinsa ya bankare kamar busasshen kifi. Na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba, sai da wani dattijon kafinta da ke bayan masallacin unguwarmu ya ɗaga shi, ya jijjiga, ya ce, "Yaro, aikinka da sauƙi. Ruwa ka sayo da kuɗin katako."

Saboda haka kafin a zo maganar wane itace ya fi wane, a fara da bushewa. Duk wanda ya taɓa bin gadar Third Mainland ya leƙa wajen Ebute Metta ya ga gumagumai jere a kan ruwa. Nan ne Oko Baba, inda a da injinan yanka katako suke. Itacen da ya kwana cikin ruwa aka tsaga shi jiya, yau ga shi a kasuwa, kuma mai sayarwa zai rantse maka ya bushe. Ɗaga falanki biyu iri ɗaya ka gwada, wanda ya fi nauyi shi ne mai ruwa. Ɗora bayan hannunka, jiƙaƙƙe sanyi gare shi. In an yanka maka, dubi garin da zarto ya zubar: na busasshe warwatsewa yake yi, na ɗanye kuwa dunƙulewa. Sannan ka kafa ido a gefen falankin kamar mai saita bindiga, in ya murɗe ka ajiye musu kayansu. Idan dole ce ta sa ka sayi ɗanye, jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ka manta da shi na wasu makonni. Wannan ya fi shafar mu 'yan Arewa, domin akwatin da aka haɗa cikin laimar Legas, ranar da ya hau mota ya sauka Kano ko Sakkwato da hunturu, katakon zai tsuke, in da sauran ruwa a jikinsa har tsagewa yake.

To, sai itacen kansa. Ni dai ga sabon hannu obece nake zaɓa, wanda Yarbawa ke kira arere, kuma da wannan sunan za ka fi saurin samunsa a kasuwa. Fari ne, mara nauyi, zarto na shigarsa kamar wuƙa a sabulu, ƙusa ba ta cika tsaga shi ba, gam kuma yana kama shi sosai. Yana da araha, in ka ɓata yanka ɗaya ba za ka kwana da baƙin ciki ba. Aibinsa laushi: ko farce ka danna sai ya bar alama, gara na son sa, haka ma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari. In ka ga ƙananan ramuka kamar na allura a jikin falanki, wuce. Afara ta ɗan fi shi ƙarfi kuma ita ma tana da daɗin aiki, in obece bai samu ba ita ce madadinsa. Melaina ma ba laifi, sai dai tana jinkirin bushewa, nan kuwa aka fi cutar mai saye.

Mahogani ɗan'uwan madacinmu ne na gida, ja mai kyau, in aka goge aka shafa mai har sai ka so ka ajiye shi a falo. Tsadarsa ce matsala, ga kuma masu shafa wa farin katako jan launi su kira shi mahogani. Ka ce a kankare maka gefe kaɗan ka ga cikinsa. Iroko kuwa, wato loko, shi kowa ke yabo, kuma ya cancanta: gara ba ta cika kusantarsa ba, ruwa ba ya saurin cin sa, shi ya sa ake ƙofofi da shi. Amma nauyinsa ya kusa ninka na obece, yana dakushe bakin kayan aiki, ƙusa ba ta shiga sai ka fara huda mata hanya, ƙurarsa kuma tana sa wasu tari da ƙaiƙayi. Iroko na akwatinka na uku ko na huɗu ne, ba na farko ba.

Akwai kuma filawud da MDF, masu zuwa a faifai mai ƙafa 4 da ƙafa 8. MDF, wato garin katako da aka matse da gam, sumul yake, yana ɗaukar fenti, masu kabad suna son sa. Kada ya ruɗe ka. A ɗakin da ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa duk damina, gindinsa zai kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, kuma ba ya komawa. Filawud ya fi shi nesa ba kusa ba, ba ya bankarewa kamar falanki, amma zarton hannu yana yayyage fatarsa, gefensa kuma ba shi da kyan gani. Inda yake da rana shi ne gindin akwati: mai kaurin milimita 6 ya isa. Kada ka sayi faifai guda saboda haka, je wurin kafintoci ka nemi guntaye, wani ma kyauta zai ba ka in ka iya gaisuwa.

Lissafin ba wuya. Falanki ɗaya mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, ya ishe ka akwati mai tsawon inci 16 da faɗin inci 10, har da rarar gyara kuskure. Ka biya a fere maka shi a inji tun a kasuwa, kaurin zai ragu kaɗan amma ka huta da aikin kwana biyu.

Kayan aiki ba sai ka tara ba. Zarto mai ƙananan haƙora, guduma, tef na awo, samfefa mai kaushi da mai laushi, farin gam irin su Top Bond, da sikwaya, wato ma'aunin daidaita kusurwa. A kan sikwaya kaɗai nake cewa kada a yi rowa. Gwada ta a gaban mai shago: jingina ta a gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, juya ta ka sake ja a wuri ɗaya. In layukan biyu sun rabu, ƙarya take, kuma duk kusurwar akwatinka za ta gaji ƙaryar. Tsofaffin kayan aiki na gwanjo sau da yawa sun fi sababbi masu ƙyalli ƙarfe mai kyau. Abin matse katako kuwa bar shi tukuna, tsohuwar robar cikin tayar babur in ka yanka ta tsaye ta ɗaure akwati tam har gam ya bushe.

Haɗin haƙora, wato yanka bakin falankai biyu su shige juna, da kake gani a bidiyo yana da kyau, lokacinsa na zuwa. Yanzu gam da ƙusa sun wadatar, ka ɗan daki tsinin ƙusar da guduma kafin ka buga ta kusa da baki, ba za ta tsaga katakon ba. Dabarar da dattijon nan ya koya mini daga baya ita ce ta murfi: haɗa akwatin a rufe ruf, sama da ƙasa, ka ja layi zagaye kamar inci 2 daga sama, ka tabbatar babu ƙusa a kan layin, sannan ka bi shi da zarto a hankali. Murfi da jiki daga abu ɗaya suka fito, dole bakinsu ya haɗu. Sai ka sayi hinji da maƙalin kwaɗo bayan ka gama, ka tafi da akwatin shagon a hannunka a gwada a kansa.