Wata uku ina narka gilashi a gareji, ga abin da na gani

Ni dai sana'ata shirya duwatsu ce, jigida da abin wuya da carbi, kayan kuma a Kurmi nake sarowa. To kwanaki na yi ta cin karo da bidiyon wasu mata a Instagram suna narka gilashi a bakin wuta suna naɗa shi a tsinke ya zama dutsen ado, kowanne da kamanninsa babu biyu iri ɗaya, abin ya tsaya min a rai har na rufe ido na yi odar kayan 'yan koyo daga waje. Kuɗin dai kar ku tambaya.

A kwalin akwai kan wuta irin na masu walda da ake ɗaura wa ƙaramar tukunyar gas, sandunan gilashi kala-kala masu kaurin fensir, tsinkayen ƙarfe, wani kwaɓi kamar kunu da ake tsoma tsinken ciki a bar shi ya bushe don kada gilashin ya manne, tabarau, sai wani ɗan bargo mai riƙe zafi. Sandunan na Murano ne, tsibirin nan na kusa da Benis a Italiya da aka kwashe masu aikin gilashi aka kai a 1291 don tsoron gobara. Ni ma Hajiyarmu tana jin rurin wutar ta ce sai dai gareji, ba a tsakar gidanta ba.

Ranar farko na cusa sanda mai sanyi kai tsaye cikin wuta, ji kake ƙas, ɓarɓashi ya yi tsalle ya sauka min a ƙafa, har yau tabon yana nan. Ashe sai ka riƙa kaɗa ta a can saman harshen wutar ta ɗumama tukuna. In ta narke kuwa kamar zuma take, hannun hagu yana juya tsinke ba tsayawa, dama yana zuba gilashi, ka ɗan yi sanya ta zubo gefe guda ta zama kamar ƙwan ƙadangare. Tabarau ɗin ba na gayu ba ne, da gilashi ya shiga wuta wani haske ruwan ɗorawa yake tashi ya rufe maka aikin, tabarau ɗin ke tace hasken.

Inda abin ya sace min zuciya wajen haɗa kala ne. Ja in ya yi zafi duhu yake yi kamar ya ƙone, sai ya huce kalarsa ta dawo. Sannan na ɗiga shuɗi mai ruwan sararin sama a kan mai ruwan hauren giwa, sai ga wani siririn baƙin layi ya zagaye kowane ɗigo kamar an ja da kwalli, ni ban sa baƙi ba wallahi. Daga baya na gane tagullar da ke cikin shuɗin ce ke haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin ɗayan. Ranar har magariba ina gareji.

Sai ƙarambani ya ja ni. Gwaggona tana da munduwar Bida, irin wadda mutanen unguwar Masaga ke yi da fasassun kwalabe a murhun ƙasa da zugazugi, na ce to ni ma bari in haɗa koriyar kwalba da sandunana. Da kyar ma ta narke, da dutsen ya huce kuma ya rabe gida biyu. Sandunan an rubuta musu 104, lambar yadda gilashin ke buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi ce, ta kwalba ba ta kai haka ba, don haka ɗaya yana tsukewa ya bar ɗaya.

Haushina da masu sayarwar shi ne ko a tallar ko a takardar ciki ba su faɗi maganar obin ba, wato murhun lantarki da ake sa dutsen a ciki ya huce a hankali. Dutsen gilashi yana buƙatar a ajiye shi a zafin wajen digiri 510 a ma'aunin Salsiyos na ɗan lokaci sannan ya huce sannu a hankali, in ba haka ba waje ya riga ciki sanyi, tsagewa tana nan tana jira. Bargon nan ƙanana kawai yake ceta, su ma ba tabbas. Wani babba da na fi so na yi wa ƙanwata abin hannu da shi, sati biyu lafiya lau, tana zaune tana kallo kawai ya tsage. Da kwastoma ce fa? Ga tukunyar gas ɗin in an jima ana aiki sanyi take ɗauka wutar ta yi lakwas, dole ka haƙura ka jira ta.

Don koyo da wasa da kala kayan sun yi, zan sake sayen sandunan ma. Amma mai niyyar sayarwa ta sa kuɗin obin a lissafi tun farko, da na abin da zai riƙe mata wuta in an ɗauke ana tsaka da aiki. Ni yanzu adashi na shiga saboda shi, fasassun kuma suna nan cikin wani tsohon gwangwanin madara, Hajiya ta ce in zubar har sau uku.